Baƙar Ƙasa a Ɓawon Kwakwa

Shekara ashirin da ɗaya Gana ya yi yana ban ruwa a lambun mahaifinsa da ke bayan Ngojin. Ya fara da jigo, ya koma inji. Ya san kowane fangali: wanda ke riƙe ruwa, wanda ke zubarwa, wanda tururuwa ke so. Lambun ba babba ba ne, rijiya ɗaya ce a cikinsa, amma ƙasarsa baƙa ce mai danƙo, irin wadda sai an nema a Potiskum. Duk kashin awakin gidansu can ake kai shi.

A waɗannan shekarun ƙanensa Abdulrahim yana makaranta. Maiduguri, Zariya, daga nan Indiya shekara biyar, karatun aikin gona. Ya dawo gab da azumin 1994 da akwati biyu, da tabarau, da wani irin kaɗa kai idan ana yi masa magana. Mahaifinsu, Alhaji Muhammadu Lawan, ya yanka rago. Gana ne ya feɗe shi.

Bayan Ƙaramar Sallah tsohon ya kira su biyun zaure.

"Ƙafata ta daina kai ni lambu," in ji shi. "Kuma rijiya ɗaya ba ta rabuwa. Ba na son ku yi shari'a a kanta bayan raina. Bayan Babbar Sallah zan ba ɗayanku, da shaidu, ina raye."

Gana ya jira ya ji sunansa. Tsohon ya ɗauki carbinsa, magana ta ƙare.

A nan Abdulrahim ya fito da wata takarda ya shimfiɗa a kan tabarma. Yana son a ba shi tsohon ɗakin da ke bayan gida, wanda marigayiya mahaifiyarsu ke ajiye gero. Zai cire rabin kwanon rufin ya sa mai haske, ya rufe tagogi da raga. A ciki zai jera tukwane ɗari da ashirin, layi goma. Zai raini irin tumatir da tattasai a tsakiyar bazara, lokacin da rana ke ƙone na kowa, ya sayar wa masu lambu dashe kafin ruwa ya sauka.

"Ƙasar ina za ka zuba?" Gana ya tambaya.

"Ba ƙasa, Yaya. Ɓawon kwakwa."

"Ɓawon me?"

"Kwakwa. Gashin nan na bayanta. A daka shi, a wanke, a cika tukunya. A can haka muke yi. Ƙasa ita ke kawo cuta da ciyawa."

Gana ya yi dariya har ya riƙe gwiwa. "Baba, ka ji abin da aka sayar da shanu shida aka koyo. Ƙasa cuta ce. Ashe shekara ashirin cuta nake ciyar da ku."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya matso da takardar kusa da idonsa ya daɗe yana dubawa. Gana bai taɓa ganin ya duba fangalin albasa haka ba.

"Ɗauki ɗakin," in ji tsohon.

Cikin mako biyu aka gama rufi. Tukwane suka zo daga Damagum a bayan akori-kura, cikin ciyawa. Ɓawon kwakwa kuwa Abu ne ya kawo, direban tirela da ke kai shanu Legas ya dawo fanko. Buhu goma sha biyar. Abdulrahim ya kwana uku yana wanke shi a daro, yana cewa gishirin teku yake fitarwa. Matan gida suna leƙowa suna dariya. Da ya gama ya sa wa ɗakin kwaɗo, ya rataye mabuɗin a ƙusar zauren mahaifinsu. Ya ce saboda awaki da kaji, da ƙwarin da ke bin tufafin mutane.

Gana ya baza maganar a majalisa. Tukwane ba ƙasa, noma da kwaɗo. Ya sa wa ƙanen nasa suna Malam Indiya, sunan ya bi shi. Amma abin da ya lura da shi, masu dariyar su ne kuma ke tsayar da Abdulrahim a hanya suna tambayarsa abin da ke sa ganyen tumatir nannaɗewa. Shi shekara ashirin ba wanda ya taɓa tsayar da shi, sai dai a ce ya ƙara gyara a kan alayyafo.

"Me mutum zai shuka a ɗaki ya kulle?" ya ce da matarsa Hansatu, tana tankaɗe. "Abin kirki ba ya tsoron ido. Wiwi ce."

"Ka gani?"

"Sai na gani?"

"To je ka gani, Baban Aisa. Mabuɗin yana ƙusa. Ka bar ni in yi tuwo."

Ya je. Bayan azahar, tsohon yana barci a zaure, Abdulrahim ya fita. Ya zare mabuɗin ya zaga baya. Yana buɗe ƙofa wani sanyi mai ƙanshin danshi ya buge shi. Haske yana sauka daga rufi a hankali, ba zafi. Layi tara na tukwane, kowace da tumatir ɗan tsawon yatsa, kore shar, a miƙe, ba ganye ɗaya da ya lanƙwashe. Layi na goma, na can jikin bango, tukwane goma sha biyu ne cike da ɓawo, ba a shuka musu komai ba. A kan taga akwai kwalabe biyu masu rubutun Turanci da wani ƙaramin cokali.

Ya duba tukunya-tukunya. Tumatir ne. Ya murza ganye ya shinshina. Tumatir.

Nasa irin da ya zuba a lambu, sau biyu rana tana cinye shi a watan nan, duk da rumfar kara da ya yi masa. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana kallon tukwanen. Da wiwi ya tarar da ya yi barci mai daɗi.

Washegari ya ji mahaifinsu yana gaya wa mai unguwa Umara, a ƙofar gida, cewa yaron nan da ya samu fili da rijiya da an ga abu. Gana yana ɗaure buhun alayyafo a keke. Ya ja igiyar har ta tsinke.

Ranar Litinin Abdulrahim ya yi shirin tafiya. Zai je Jos neman irin tattasai na layi na goma, ya wuce Zariya kan wasu takardu. Mako uku. Ya nuna wa tsohon yadda zai auna ruwan kwalba a bokiti, da yawan abin da kowace tukunya ke sha.

"Yaya ba zai samu lokaci ba," in ji shi. "Kuma hannunsa ya saba da ambaliya."

"Allah ya kiyaye hanya, Malam Indiya," in ji Gana.

Ranar Laraba Gana ya tafi kara, kasuwar shanu. Ana ta lodin shanu, ana ihu da Fulatanci da Barbarci. Ya tarar da Abu a ƙarƙashin tirelarsa yana ɗaure wani ƙarfe, idanunsa jajir kamar kullum. Kowa ya san abin da ke jan idon Abu.

Gana ya tsuguna, ya yi ƙasa da murya, ya faɗi abin da yake so.

Abu ya leƙo. "Kai? Gana na sahun gaba? La ilaha. Yaushe aka shigo layinmu ba a gaya mana ba?"

"Ba sha zan yi ba. 'Ya'yan wiwin nake so. Maganin akuya ne."

"Akuya." Abu ya yi dariya har ya buge kansa da ƙarfe. "Wace akuya ce wannan mai hawan jini? Kawo ta ta yi mini karen mota."

"Za ka ba ni ko in tafi?"

Abu ya laluba aljihu ya fito da kwalin ashana. "Su nake tsincewa ina zubarwa. Ungo. In akuyar ta fara waƙa, ba ka san ni ba."

Bayan azahar Gana ya sake zare mabuɗin. Lissafinsa a shirye yake. Zai shuka a tukwane goma sha biyun nan. Tsohon manomi ba ya wuce tukunya bai zuba mata ruwa ba, saboda haka mahaifinsu da kansa zai raine su, kuma idonsa ya yi rauni. Idan suka yi ganye, kowa zai ce Abdulrahim ne ya shuka kafin ya tafi, ya ɓoye su a bayan tumatir, ya ce wa tsoho babu komai a ciki.

Ya durƙusa gaban tukunyar farko ya tura yatsa. Ɓawon ya nutse ba nauyi, kamar ƙaiƙayi. Ya ɗebo ya matse, ya buɗe hannu, ya watse. Ba danƙo, ba ƙanshi, ba komai. Ya dubi ƙwayoyin da ke tafinsa, ya dubi ɓawon. Hannunsa ya ƙi.

Iri a cikin wannan abu? Tumatir ɗin Abdulrahim ya rayu ne saboda sirrin kwalaben can, kuma wa ya sani ko abin kwalba zai karɓi wannan iri. In ya mutu a ciki, ya zubar da mutuncinsa a gaban Abu a banza. Shi abu ɗaya ya sani wanda bai taɓa ba shi kunya ba.

Ya kulle ɗakin, ya hau keke cikin ranar nan ya tafi lambu. Ya ɗebo ƙasa daga fangalin da ke gindin rijiya, mafi kyau, wadda ta sha taki, ya zuba a takardar siminti. Kafin la'asar ya dawo. A kowace tukunya ya yi rami, ya zuba ƙasa cikin hannu, ya sa ƙwaya uku, ya danna da babban yatsa, sannan ya rufe da ɓawo ya baje saman. Ba wanda zai ga bambanci. Ya mai da mabuɗin ƙusa tsohon yana minshari.

Kwanakin da suka biyo baya ya ci abinci sosai. Hansatu ta tambaye shi ko an yi masa albishir ne. Kullum da hantsi yana ganin mahaifinsu ya nufi bayan gida da bokiti yana ɗingishi, ya daɗe, ya fito. Gana ya leƙa ta ragar taga sau biyu. A karo na biyu ya ga layi na goma ya yi kore, ganyen ya fara rabuwa kamar yatsu. Sun fi tumatir ɗin tsawo. Ya ji daɗin haka ta hanya biyu, bai tsaya rarrabe su ba.

Abdulrahim ya dawo ana saura kwana huɗu Babbar Sallah. Gana ya bari ya sauke jaka ya sha ruwa, sannan ya tafi gidan mai unguwa. Umara tsohon soja ne, ya zaga Kudu, ba sai an gaya masa yadda wiwi take ba.

"Ranka ya daɗe, abin ya fi ƙarfina," in ji Gana. "Ɗan'uwana ne. Amma in hukuma ta riga mu gani, Baba za a ɗauka, gidansa ne."

Suka zo tare. Tsohon ya saurari Gana har ya gama, ya miƙa hannu ya zare mabuɗin da kansa. Su huɗu suka shiga ɗakin. Gana ya wuce gaba har jikin bango ya nuna.

Umara ya sunkuya, ya juya ganye ɗaya, ya miƙe yana goge hannu a riga. "Alhaji, wiwi ce," in ji shi.

Abdulrahim ya cire tabarau ya mayar. "Baba, wallahi tallahi babu komai a tukwanen nan da na tafi. Ga irin tattasan da na sayo musu a jakata. Yaya, kai ma ka san..."

"Ni me na sani?" in ji Gana. "Kwaɗo na sani."

"Yi shiru, Abdulrahim," in ji tsohon. Ya ba Umara sandarsa, ya dafa bango ya durƙusa da ƙyar. Ya kama tsiro ɗaya daga gindi ya ja a hankali. Ya fito da saiwarsa, ɓawon ya zube, amma a tsakiya saiwar tana rungume da dunƙulen baƙar ƙasa. Tsohon ya ɓare dunƙulen a tafinsa. Kashin akuya guda biyu suka gangaro. Ya kai hanci ya shinshina.

"Gana, me kake kiran tukwanen nan a majalisa?"

Gana ya dubi ƙasar da ke tafin tsohon.

"Umara, kai ka ji. Me yake kiransu?"

"Tukwane ba ƙasa," in ji mai unguwa.

"Abdulrahim, tun da ka dawo sau nawa ka je lambu?"

"Sau ɗaya, Baba. Ranar da na kai ka."

Tsohon ya tumɓuke na tukunya ta biyu. Baƙar ƙasa. Ta uku, haka. Ya jera dunƙulen a ƙasa a gaban Gana.

"Wannan ta gindin rijiya ce. Ni na fara zuba mata taki kafin a haife ka. Ido ya tafi, hanci yana nan." Ya nuna tukunya ta huɗu. "Uku-uku a rami, a danna da babban yatsa. Mutum ɗaya na koya wa haka. Wannan ɗayan ya ƙi koyo, shi ya sa na tura shi makaranta."

"Baba..."

"Tun ranar da suka huda na sani. Kwana goma sha uku ina ba su ruwa. Na ce ko mai su zai dawo ya tumɓuke abinsa, in yi kamar ban gani ba. Sai ga shi ya zo da mai unguwa."

Ana jin akuya tana kuka a tsakar gida. Abdulrahim yana kallon yayansa, bakinsa a buɗe kaɗan. Gana ya so a ce Abdulrahim ya zage shi, ko ya kai masa hannu. Da ya fi sauƙi.

Tsohon ya miƙa hannu Umara ya ɗaga shi.

"Umara, rama ce ta fito wa yara a tukunya."

Mai unguwa ya dubi ganyen, ya dubi tsohon. "In ka ce rama ce, Alhaji, rama ce. Amma a ƙone ramar yanzu, ina tsaye."

Gana ne ya tumɓuke sauran. Shi ya kwashe su zuwa bayan katanga, ya zuba kananzir, ya ƙyasta ashana a jikin kwalin Abu. Ɗanyen ganye ne, ya daɗe bai ci ba. Umara ya tsaya nesa da hayaƙin har ya zama toka, sannan ya yi sallama.

A zaure tsohon ya ce, "Kawo mabuɗin ɗakin inji."

Gana ya kwance shi daga igiyar wandonsa. Igiyar ta yi baƙi a wurin saboda daɗewa.

"Ba sai an jira Sallah ba. Abdulrahim, ungo. Gobe Umara zai zo da mutum biyu su shaida."

"Baba, ni ban iya lambu ba," in ji Abdulrahim. "Ni dashe nake so in yi. Ban taɓa neman..."

"Za ka iya. Ko ka ɗauki wanda ya iya. Ban da wannan."

Gana ya tsaya a bakin ƙofa. Tambaya ɗaya ce ta hana shi fita.

"Baba, da ma wa ka yi niyyar ba?"

Tsohon ya ɗauki carbinsa. "Yanzu me za ka yi da amsar?"

Hansatu ba ta tambaye shi komai ba. Ta ajiye masa tuwo ta koma ɗaki. Labarin rama ya zaga unguwarsu, Dogo Tebo, kafin Sallah, ba wanda ya san ta inda ya fita. Ranar idi Abu ya hango shi daga nesa ya ɗaga murya, "Yaya jikin akuya?"

Kwana uku bayan Sallah ƙafar Gana ta kai shi Ngojin da sassafe, kamar kullum. Sai da ya ga shingen ya tuna. Ya jingina keke ya tsaya a waje.

Inji yana ruri. Abdulrahim yana ciki, wando a naɗe, tabarau ya yi caɓo, yana riƙe da fartanya kamar mai riƙe da laima. Ya buɗe bakin fangali huɗu a lokaci guda. Ruwa ya cika na gindin rijiya ya tsallake kunya, alayyafo ya nutse har wuya, na can ƙarshe kuwa, fangalin kuɓewa, ko ɗigo bai samu ba. A inuwar mangwaro an jera tukwane ashirin na tumatir, an kawo su dashe, kore shar.

Gana ya kama itacen shinge. Ya yi niyyar ya yi shiru ya bar alayyafon ya ruɓe, mutane su gani. Ya ƙirga har goma.

"Toshe na gindin rijiya!" ya daka tsawa. "Wannan ba ya shan ruwa biyu! Toshe shi ka buɗe na ƙarshe!"

Abdulrahim ya ɗago, ya gan shi, ya yi abin da aka ce. Ruwa ya juya ya nufi kuɓewa.

"Na gode, Yaya. Na kusa da shi fa?"

Ƙofar shingen tana buɗe, taku uku daga inda Gana yake. Ya dube ta, ya dubi tukwanen da ke ƙarƙashin mangwaro.

"Duba a littafinka," ya ce. Ya hau kekensa.